Gona Ba Ta Haihuwa

Ina roƙon ku ba ni aron hankalinku kaɗan, domin in faɗi albarkacin bakina game da wani al'amari wanda ya shafi kowane gida a ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo, watau yadda jama'a ke ƙaruwa kowace shekara, alhali kuwa gonakin da ke ciyar da mu, da dajin da ke ba mu itace, da gulbin da muke sha, ba su ƙaruwa ko da taƙi ɗaya. Na san ni yaro ne, maganar kuwa ta manya ce. Amma fa mu yaran nan mu ne za mu zauna cikin wannan ƙasa nan da shekara talatin in Allah ya kai mu, don haka ina ganin ba rashin kunya ba ne in mun sa baki.

Ni mutumin wani ƙauye ne kusa da Wurno. Mahaifiyata 'yar ƙasar Rabah ce, kawuna kuma yana noman rani a Goronyo, saboda haka duk wuraren nan uku ina zuwa, ina kuma jin abin da manya ke faɗi a cikinsu. Ƙasarmu ba ƙasar banza ba ce. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello shi ne ya mai da Wurno ribaɗi, ya zauna cikinta, a nan ya rasu cikin 1837, hubbarensa kuma yana nan har yau ana ziyara. A Rabah aka haifi tattaɓa kunnensa, Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello, ya kuma yi sarautar garin tun daga 1934 kafin ya zama Firimiyan Jihar Arewa. Abin da ya jawo magabata suka kafa garuruwa a nan kuwa bai wuce ruwa da fadama ba. Gulbin Rima ya biyo ta Goronyo da Wurno, Gulbin Sakkwato ya biyo ta Rabah, suka haɗu kusa da birnin Sakkwato, suka nufi Argungu da Birnin Kebbi. Da damina a noma gero da dawa da wake a tudu, a noma shinkafa a fadama. Da rani a koma lambu, a yi albasa da tafarnuwa da alkama, waɗanda manyan motoci ke kwasa zuwa Kudu.

To, bari mu duba lissafi tukuna. A ƙidayar 1963 an sami mutum kamar miliyan 55 da rabi a Nijeriya. A ta 1991 suka kusa miliyan 89, a ta 2006 suka kai miliyan 140, yanzu kuwa mun haura miliyan 200. Ƙidayar 2006 ɗin nan ta ba Jihar Sakkwato mutum miliyan 3 da dubu 700. A cikinsu Ƙaramar Hukumar Wurno tana da fiye da dubu 160, Rabah kusan dubu 150, Goronyo fiye da dubu 180, watau in an haɗa su kusan rabin miliyan ke nan. Malaminmu na lissafi ya nuna mana a allo cewa idan jama'a suna ƙaruwa da uku bisa ɗari kowace shekara, cikin shekara 23 ko 24 za su ninka. Kowa ya ɗauki alƙalami ya lissafa daga 2006, zai ga inda muka dosa. Wurno ce ta fi ƙanƙantar ƙasa cikin ukun nan, ga ta kuma cike da mutane, shi ya sa matsin ya fi bayyana a wajenmu.

Wanda bai yarda da lissafin gwamnati ba, ga na gidanmu. Kakana, Allah ya jiƙansa, ya bar gonar tudu eka 16. Da aka fitar da tumunin matansa, saura eka 14. 'Ya'yansa maza 5 ne, mata 4, aka raba yadda Shari'a ta ce, kowane namiji ya sami eka 2, kowace mace eka 1. Mahaifina yana cikin mazan nan. Mu kuwa a wurinsa mu goma ne, maza 6, mata 4. Allah ya ja da ran Baba, amma duk wanda ya iya raba lamba ya san abin da zai zo hannun kowane namiji cikinmu ko rubu'in eka ba zai cika ba. Filin ƙwallon makarantarmu ya ninka wannan wajen sau shida ko bakwai. A kan ɗan wannan fili ne ake sa ran in yi aure, in ciyar da iyali, in kuma bar wa nawa 'ya'yan gado. Kakana ya hango haka tun yana da rai. In aka zo masa da albishir na haihuwa, sai ya yi hamdala, ya sa wa jariri albarka, sa'an nan ya dubi 'ya'yansa ya ce, "Ku dai riƙa tunawa, gona ba ta haihuwa, mutane ka haihuwa."

Da a ce gonar tana nan da ƙarfinta, da abin ya zo da sauƙi. Amma ƙasa ma gajiya take yi kamar jaki. A zamanin da, in gona ta gaji sai a bar ta saura shekara uku ko huɗu, ciyawa da kalgo da sabara su rufe ta, a je a sari wata. Yau wa ke da wata gonar da zai koma? Haka nan kuma da an gama girbi, Fulani kan sauka a gona da shanunsu, su ci kara da harawa, su bar taki, mai gona ya ba su hatsi, matansu su kawo nono. Kowa ya amfana. Yanzu kara ya zama kuɗi. Tun kafin raɓa ta bushe an kwashe shi, wani a yi danni, wani a ba dabbobin gida, wani a hura wuta da shi. Gona sai ta zauna tsirara tun daga kaka har faɗuwar ruwa, iskar hunturu ta yi ta kwashe ƙasar sama mai albarka, ta bar fako da rairayi. Baba ya ce eka biyun nan nasa, a da takan ba da dami 60 na gero in damina ta yi kyau, amma yanzu in ya sami 35 sai ya gode Allah. Kafin sanyi ya wuce rumbu ya yi ƙasa, sai a koma awo, ga takin zamani ya yi tsadar da talaka ba ya iya saye.

Maganar itace ita ma haka take. Inna ta ce sa'ad da take yarinya a ƙasar Rabah, bayan gari kaɗai suke fita su dawo da ƙirare kafin hantsi. Yau yaro sai ya yi tafiyar rabin yini, ya dawo da ɗan abin da bai isa dafa tuwon dare biyu ba. A wasu gidaje har kashin shanu ake ƙonawa, watau takin da ya kamata ya tafi gona shi ne ke tafiya cikin hayaƙi. Kirya da marke da ƙaro da bagaruwa sun yi wuya, masu gawayi da masu sayar da itace a birni sun bi su da gatari. Dajin Gundumi da ke gabas da mu, wanda Bature Clapperton ya ratsa cikin 1824 a kan hanyarsa ta zuwa wurin Sarkin Musulmi Bello, ayarinsu suka sha wuyar ƙishirwa saboda faɗinsa, yanzu gonaki da masu sara sun ci gefensa ta ko'ina. Itace kuwa aikinsa ya wuce inuwa da makamashi. Saiwarsa ke riƙe ƙasa, ganyensa ke zama taki, rassansa ke karya ƙarfin iska. In babu shi, ruwan sama ba ya tsayawa ya nutse, sai ya yi gudu ya haƙa kwazazzabai, ya ɗebi yashi ya zuba cikin gulbi.

Wannan yashi shi ya kawo mu maganar ruwa. Ruwan samanmu na wata huɗu ne, daga Yuni zuwa Satumba, wata shekara ma ba ya cika alkawari, kamar yadda aka gani a farin 1973 da na 1984, waɗanda tsofaffi ba su manta ba. Don a tare ruwan damina a yi amfani da shi da rani aka gina madatsun ruwa. An gama ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara cikin 1978. Ta amfani masu noman rani a can, amma mutanen da ke ƙasa da ita, har da na Rabah, sun ga ambaliyar da ke shayar da fadamarsu kowace shekara ta ragu, shinkafa da kifi suka ja baya. Ta Goronyo kuwa a kan Gulbin Rima an gama ta cikin 1984, an gina ta don ta riƙe ruwa kubik mita miliyan 942. Da ita ake noman rani a kwarin Rima, daga gare ta kuma birnin Sakkwato ke samun yawancin ruwan famfonsa. Mu a Wurno muna da tamu ƙarama a Lugu.

Sau biyu madatsar Goronyo ta yi mana gargaɗi. Cikin watan Satumba na 2010 ruwa ya yi yawa har ya fi ƙarfinta, aka yi ambaliyar da ta cinye ƙauyuka da gonaki a kwarin Rima, ta kuma karya gadar da ke kan hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ni ina ƙarami ƙwarai a lokacin, amma har yau in ana lissafin shekarun yara a gidanmu, da shekarar ambaliya ake kwatance. Sa'an nan a ranin 2018 sai aka ga akasin haka. Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ta ba da sanarwa cewa ruwan madatsar ya ragu har saura kamar kashi ɗaya cikin goma, saboda ƙarancin ruwan sama a daminar 2017 da kuma yashin da ya taru cikinta. Wannan na gani da idona, don na je hutu wurin kawuna. Inda kwalekwale ke yawo ya zama fili mai tsattsagewa, yara suna tafiya a kai. Na tambaye shi, na ce, "Kawu, ina ruwan ya tafi?" Ya ce, "Ɗana, tukunyar da aka cika rabinta da yashi, ruwa nawa za ta ɗauka?" Ai kuwa gaskiya ne. Itacen da aka sare a tudu, shi ne yashin da ke cikin madatsa, shi ne kuma famfon da ya ƙafe a birni.

A fadama ma masu ɗiba sun yi yawa. Kakanninmu da jigo suke ban ruwa, guga ɗaya bayan ɗaya. Tun da shirin Fadama ya zo cikin shekarun 1990 da taimakon Bankin Duniya, injin ban ruwa ya maye gurbin jigo, noman rani ya bunƙasa, mutane da yawa suka sami abin yi. Wannan alheri ne babba. Sai dai ruwan ƙarƙashin ƙasa shi ma yana da iyaka, in injuna sun yi yawa a wuri ɗaya sai ka ga ana ƙara zurfin rijiya kafin bazara. Lambuna kuma sun kai har bakin gulbi, sun toshe mashaya, gonakin tudu sun cinye burtali. Makiyayi ya taso da garkensa bai ga hanya ba, saniya ta faɗa cikin albasar wani, sai faɗa, sai gaban alƙali, wani lokaci har a zub da jini tsakanin mutanen da kakanninsu ke musayar hatsi da nono.

Daɗin daɗawa ga masifar 'yan bindiga. A watan Yuli na 2018 sun afka wa Tabanni a ƙasar Rabah, suka kashe fiye da mutum 30, waɗanda suka tsira suka gudu Gandi. A watan Oktoba na 2021 sun buɗe wuta a kasuwar Goronyo, mutum fiye da 40 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Wannan ta'asa tana da dalilai da yawa, akwai zalunci da kwaɗayi da yawan makamai, ba kuwa abin da zai wanke mai kisan bayin Allah. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Saurayin da ba shi da gona, ba shi da garke, ba shi da ilmi ko sana'a, shi ne ya fi sauƙin ruɗi. Bugu da ƙari, tsoro ya sa mutane sun bar gonakin nesa sun taru a bakin manyan garuruwa, sai nauyi ya ƙaru a kan 'yar ƙasar da ta riga ta gaji. Cin rani tsohuwar al'ada ce a ƙasar Sakkwato, maza su tafi bayan girbi su dawo da faɗuwar ruwa. Yayyena biyu sun tafi, ɗaya yana Legas, ɗaya yana Fatakwal, shekara uku ke nan damina ba ta dawo da su ba, don ba gonar da za su dawo su noma.

Na san abin da wasu iyaye za su ce, don na sha jinsa a zaure. Za su ce bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci, kuma jama'a rahama ce. Haƙiƙa haka ne, ba kuwa Musulmin da zai yi musun cewa arziki na Allah ne. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa a ɗaure raƙumi sa'an nan a yi tawakkali, sun kuma ce kowane magidanci makiyayi ne, za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Ashe ke nan ba a kan haihuwa kaɗai za a tambayi uba ba, har da ci da sha da tufafi da tarbiyya da ilmi. Alƙur'ani mai girma ya ambaci shekara biyu ta shayarwa. Uwar da ta sami hutu tsakanin haihuwa da haihuwa ta fi lafiya, jaririnta ma ya fi ƙwari. Duk wanda ya taɓa raka mace asibiti da tsakar dare tana naƙuda ga goyo a baya, ya san abin da nake nufi. Wannan shawara ce ta miji da mata, su nemi fatawar malamai da bayanin ma'aikatan lafiya. Iyakar roƙona shi ne a riƙa yin maganar, a daina ɗaukarta abin kunya.

Kada kuma wani ya ɗauka yawan mutane dole ne ya kashe ƙasa. Ƙauyukan da ke kewaye da birnin Kano sun fi namu cunkoso tun da daɗewa, suna noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, amma ba ta mutu ba, domin sun riƙe ta da taki. Suna tara kashin dabbobin gida, suna ɗauko shara da toka daga birni a kan jakuna, suna kuma tsaron itatuwan gonarsu kamar dukiya. Ga kuma misalin 'yan'uwanmu na Maraɗi, waɗanda gulbinsu ma cikin Rima yake zubowa. Bayan farin shekarun 1970 da 1980 ƙasarsu ta kusa zama hamada. Tun daga wajen 1983 wani malamin gona mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, tare da manoman wurin, suka lura cewa kututturan da ake sassabewa kowace shekara suna da rai a ƙarƙashin ƙasa. Sai suka fara abin da suke kira sassabin zamani, watau in kututture ya yi toho, a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a datse sauran, a kiyaye su daga awaki. Ba sayen iri, ba ban ruwa. Ta haka aka rayar da itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta kamar miliyan 5 a kudancin Nijar. Da yawa cikinsu gawo ne, wanda ke zub da ganye da damina ya bar wa shuka rana, ya yi ganye da rani, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne. Kowane manomi a Wurno ya san geron gindin gawo ya fi na ko'ina zangarniya. Abin da mutumin Maraɗi ya yi da lauje da wuƙa, me zai hana mutumin Rabah?

Saboda haka ga 'yan shawarwarina. Iyayenmu manoma, in an zo sharar gona bana, a bar toho goma ko ashirin a kowace eka, a bar kuma wani abu na kara ya rufe ƙasa. Iyayenmu mata, murhun laka mai rufi ya fi na duwatsu uku tattalin itace, ginin sa kuwa bai fi ƙarfin mai ginin tukunya ba. Hakimai da dagatai da ardo-ardo, muna roƙo a zauna tare a fitar da burtali da mashaya, a sa musu alama, a hana noma su. Masunta su bar ƙananan kifi su girma, a daina zuba magani a ruwa. Hukuma kuma ta taimaka da yashe madatsu, da tsaron rayuka, da ci gaba da aikin Babbar Ganuwar Itatuwa wadda ƙasashen Afirka suka amince da ita cikin 2007, Jihar Sakkwato kuma tana cikin jihohin da ta ratsa. Sai dai dashen itace ba a ranar biki yake ƙarewa ba, wanda ya dasa bai yi shinge ba, awaki ya yi wa hidima.

Mu kuma ɗalibai, namu ya fi na kowa nauyi. Tun da mun san rubu'in eka ba zai riƙe mu ba, wajibi ne mu riƙe karatu da hannu biyu, mu kuma koyi sana'a, ko gyaran injin ban ruwa, ko aikin lafiya, ko malanta, ko sarrafa albasa da tafarnuwa don kada su riƙa ruɓewa a rumfa. In uku cikin 'yan'uwa shida suka sami abin yi a wajen gona, sauran ukun gonarsu ta ninka ke nan. A bar ƙannenmu mata su ma su gama makaranta, don uwa mai ilmi ita ta fi sanin yadda za ta kula da lafiyarta da ta 'ya'yanta. Ina kuma ba da shawara kowane ɗalibi ya dasa itace ɗaya a harabar makaranta tun shekarar da ya shigo, dogonyaro ko zogale ko mangwaro, ya yi ta ba shi ruwan alwalarsa, ranar da zai fita ya damƙa shi ga wani sabon shiga. Malamai sun ce duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga itacen da Musulmi ya dasa, sadaka ce gare shi.

Magabatanmu sun bar mana fadama mai albarka da gulabe biyu, ba su cinye sun bar mu da fako ba. Waɗanda za a haifa bayanmu su ma suna da hakki cikin wannan ƙasa, ba su kuwa da bakin da za su roƙa sai namu. Idan na faɗi abin da ya ɓata wa wani babba rai, ina neman gafara, ƙaunar ƙasarmu ce ta sa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya saka wa iyayenmu da malamanmu da alheri, amin.